Ɓawon lemo a bakin titi: fim ɗin minti tara da aka ce kada a ƙarasa shi

Mutum uku ne a cikin mota a kan wata hanya ta bayan gari a Ostireliya. Tim ne ke tuƙi, tare da ɗansa Ben, da Katie 'yar'uwar Tim ɗin, wato goggon yaron. Dukansu masu jan gashi ne, launin lemon da yaron ke ɓarewa. Yana ɓarewa yana wurga ɓawon ta taga. Uban ya ce ya bari, ya ƙi. Ya sake magana, yaro ya sake wurgawa. Sai uban ya taka birki ya ce motar nan ba za ta motsa ba sai Ben ya sauka ya tsince ɓawon nan kaf. Ita kuwa Katie hankalinta yana gida, akwai shirin talabijin da take so ta riska, kuma duk mintin da aka ɓata a bakin titi gani take yi daga cikin lokacinta ɗan'uwanta ke yanka. Yaro ya yi zuciya ya nausa, uban ya bi bayansa, suka shirya a can nesa da mota. Da suka dawo sai suka tarar goggo ta ɓare nata lemon ta zubar da ɓawon a ƙasa. Yanzu uba da ɗa sun koma gefe guda, ita ake cewa ta tsince. Ta ƙi. Rana ta yi sanyi, motoci suna ta wucewa, kowa ya hau kujerar naƙi. A nan fim ya ƙare.

Sunan fim ɗin Peel, ma'anarsa ɓawo. Jane Campion ce ta shirya shi a 1982, tana ɗaliba a makarantar koyon fim da talabijin ta ƙasar Ostireliya da ke Sydney. Tsawonsa minti tara ne. A cikakken sunansa ta kira shi darasin ladabtarwa. Waɗanda suka fito a ciki ba taurari ba ne, kuma da sunayensu na gaskiya aka kira su, Tim da Katie ma 'yan'uwan juna ne a zahiri. Campion ta faɗa a hirarrakinta cewa a makarantar ba a ga abin kirki a aikin ba, har aka ba ta shawarar kada ta wahalar da kanta wajen ƙarasa shi. Ta ƙarasa. Bayan shekara huɗu, a 1986, wannan ɗan fim ya lashe babbar kyautar gajeren fim a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa.

Abin da nake so in kare a nan shi ne haƙƙin irin wannan ƙaramin aiki na farko: a bar mai shi ya ƙarasa, a nuna shi, sannan a adana shi. Ina kuma so in kare abin da fim ɗin ya ɗauka a matsayin labari, domin da yawa suna raina shi. Rigimar 'yan'uwa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, a ganinsu, abin dariya ne na yara. Ni kuwa ban san wani labari da ya fi shi gwada ƙwarewar sabon darakta ba.

Ranar da na fara kallonsa na yi dariya har wajen minti na shida, daga nan sai dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro, saboda na gane mutanen. Mahaifina da ƙanwarsa, Goggo, sun yi irin wannan tsayuwa wata babbar sallah a kan rabon naman layya. Ta ce kason da aka aika gidanta bai kai na bara ba. Ya ce shi ya yanka ragonsa, shi zai raba. Ta ce, "To Yaya, ai shi ke nan," ta ja mayafinta ta zauna a bakin ƙofa, ba ta tafi ba, ba ta kuma karɓi naman ba, har aka kira magariba. Mu yara muna kai da kawowa da kwano a hannu, ba mu san wanda za mu bi ba. Na girma kafin na fahimci cewa maganar ba ta nama ba ce. Wani tsohon lissafi ne da suka fara tun suna ƙanana a ɗakin mahaifiyarsu, wanda babu mai iya biyansa domin babu wanda ya san ko nawa ne.

Wannan ne Campion ta kama da ɓawon lemo. Duba yadda umarni ɗaya yake yawo a cikin motar. Tim ya ce wa ɗansa ya tsince, kuma a ƙarshe maganar ta yi tasiri, domin uba yana da iko a kan ɗa, kuma ɗa yana son yardar ubansa. Da aka juya kalmomin nan kan Katie sai suka zama fanko. Da me zai tilasta mata? Ba shi ya haife ta ba, ba aurenta yake yi ba, ba zai iya korarta daga zama 'yar'uwarsa ba. Miji da mata in abin ya ƙi sai a rabu, abokai su daina gaisawa, amma ɗan'uwa hannunka ne, ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Iyayen da za su raba gardamar ba sa cikin motar. Shi ya sa faɗan 'yan'uwa manya yake da ban dariya da ban tsoro a lokaci guda: mutane biyu masu hankali sun koma 'yan shekara bakwai, kuma babu alƙali. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yaron. A minti na farko shi ake yi wa tsawa, kafin fim ya ƙare ya ari muryar ubansa yana yi wa goggonsa tsawa da ita. A gaban idonka aka koya masa yadda ake mulki a gidansu, babu wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani.

Rashin kuɗi ne ya taimaka mata ta ga wannan, kuma ina faɗin haka ne da sanin cewa talauci ba abin yabo ba ne. Mota ɗaya take da ita, da titi ɗaya, da mutum uku, da 'yan lemo. A lokacin kuma a kan zaren fim ake ɗauka, wanda ake saye da tsada a kuma biya kuɗin wanke shi, don haka ba a kunna kyamara a bar ta tana gudu ana fatan wani abu ya faru. Wanda ba shi da kuɗin fashewar bam ko taron mutum ɗari dole ya kalli fuskar ɗan wasansa. Ita da mai ɗaukar hotonta, Sally Bongers, sun matso da kyamara kusa ƙwarai: yatsu a cikin lemo, ido ta madubin mota, baki a tsuke. Ƙuncin motar ya zama ƙuncin gidan. Babu kiɗan da zai gaya maka ga wurin dariya, ga wurin tausayi. Darakta mai kuɗi yana iya ɓoye rashin sanin mutane a bayan kayan ado. A minti tara a bakin titi babu maɓoya.

To, me ya sa malamanta ba su gani ba? Ba na zarginsu da mugunta. Malami yana auna aikin ɗalibi ne da ma'aunin da ya sani, kuma ma'aunin ya ce labari yana da farko da tsakiya da warwara. Wannan fim ba shi da warwara. Babu wanda ya ba da haƙuri, babu wanda ya koyi darasi, ba a ma tashi motar ba. Ga wanda ya saba da tsari, wannan aiki ne da bai cika ba. Sai da wani Bafaranshe mai suna Pierre Rissient, wanda aikinsa shi ne yawon duniya yana nemo wa Cannes fina-finai, ya ga gajerun fina-finanta, sannan ƙofa ta buɗe. A shekarar 1986 ɗin an nuna wasu ayyukanta na makaranta a bikin, tare da fim ɗin talabijin da ta yi a kan wasu 'yan mata ƙawaye biyu. Mace 'yar shekara 32 daga Wellington ta New Zealand, wadda kusan babu wanda ya san ta a Turai, ta koma gida da kyauta.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A 1989 ta fitar da dogon fim ɗinta na farko na sinima, Sweetie, kuma Sally Bongers ɗin ce dai ta ɗauka. Labarin me? 'Yan'uwa mata biyu, ɗaya mai tsoro da kame-kame, ɗaya mai hargitsi da ta cinye hankalin gidan gaba ɗaya, da uban da ya kasa tsawata mata. A Cannes wasu sun yi masa ihu, wasu sun rungume shi. A 1993 The Piano ya sa ta zama mace ta farko da ta ɗauki babbar kyautar Cannes ta dogon fim, kuma sai bayan shekara 28 wata macen ta sake ɗauka. A 2022 ta karɓi Oscar ta gwarzon darakta, mace ta uku a tarihi, da The Power of the Dog. Shi ma labarin wa da ƙani ne, masu garken shanu a Montana ta Amurka a 1925, manya da gemu amma har yanzu ɗaki ɗaya suke kwana, har ranar da ɗayansu ya yi aure, ɗayan kuma ya kasa yafe masa. Shekara arba'in cif tsakanin ɓawon lemo da wannan dare na Oscar, kuma matar ba ta bar tambayar da ta fara yi a cikin motar nan ba: idan mutane biyu jini ya ɗaure su kuma ɗaya yana so ya mallaki ɗayan, ina za a kwana?

Na san abin da mai hankali zai ce a nan, kuma yana da gaskiya. Ana cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma ni ina magana ne ranar Asabar, bayan na ga yadda Juma'ar ta kasance. Da Campion ta bar fim ta koma zane, wanda shi ta karanta kafin ta shiga makarantar fim, da babu wanda zai rubuta layi ɗaya a kan Peel. A kowace shekara ɗalibai suna yin dubban gajerun fina-finai a duniya, akasarinsu ba su da kyau, kuma masu su ba za su taɓa zama kowa a harkar ba. Ban musa ba. Sai dai wannan hujja a gefena take. Idan ƙwararrun malamai da suka ga aikin da idonsu sun kasa bambance wanda zai lashe Cannes da wanda za a manta, to babu wanda ya isa ya yanke hukunci tun aiki yana rabi. Ƙa'idar da ta rage ita ce a bar kowa ya ƙarasa. Kuɗin ƙarasa fim ɗin minti tara kaɗan ne. Asarar hana wanda ya dace ba ta lissafuwa, domin ba za a taɓa sanin an yi ta ba.

Akwai wata maganar kuma da ba na so in tsallake, saboda labarin "ta fara da babu" yana da daɗin faɗi amma bai cika ba. Campion ba daga sama ta faɗo ba. Iyayenta mutanen wasan kwaikwayo ne da suka kafa ƙungiyar wasa a New Zealand. Ta yi digiri a ilimin nazarin al'ummomi a Jami'ar Victoria ta Wellington, ta yi karatun zane a Landan da Sydney, kuma tana da shekara 28 lokacin da ta yi Peel. Mafi muhimmanci, kyamarar da ɗakin tace hoton da zaren fim ɗin duk na makaranta ne, makarantar kuma gwamnatin Ostireliya ce ta kafa ta a 1973 da kuɗin jama'a, a lokacin da ƙasar ta ƙudiri niyyar farfaɗo da masana'antar fim ɗinta da ta kusa mutuwa. Cikin ɗalibanta na farko akwai Gillian Armstrong da Phillip Noyce, waɗanda daga baya duniya ta san su. Wato makarantar da ta ce mata kada ta ƙarasa ita ce dai ta ba ta abin da ta ƙarasa da shi. Ina ganin laifin shawarar, ina kuma jinjina wa tsarin da bai bar shawarar ta zama hukunci ba.

Nan ne maganar ta zama ta jama'a. Gajeren fim ba ya ciyar da mai shi. Babu mai sayen tikiti don kallon minti tara, babu ɗan kasuwar da zai zuba jari a ciki yana jiran riba. Idan aka bar shi ga kasuwa kaɗai zai mutu, ko ya rikiɗe ya zama talla. Dole wani ya ɗauki nauyinsa da sanin cewa kuɗin ba za su dawo ta ƙofar da suka fita ba: makaranta, ko hukuma, ko bikin fina-finai, ko gidan talabijin da zai ware masa minti goma. Wanda ya ce wannan almubazzaranci ne da dukiyar jama'a sai ya duba abin da New Zealand da Ostireliya suka samu da sunan mace ɗaya. The Power of the Dog labarin Montana ne, amma a New Zealand aka ɗauke shi, da ma'aikata 'yan ƙasar. Sannan akwai adanawa. Ostireliya tana da gidan ajiyar fina-finai da sauti na ƙasa a Canberra tun 1984, kuma lokacin da Criterion, wani kamfanin rarraba fina-finai na Amurka, ya sake fitar da Sweetie a faifai ya haɗa da Peel a ciki. Shi ya sa ni da ke nesa na iya ganinsa bayan shekaru masu yawa.

Wannan ƙofa ba baƙuwa ba ce a nahiyarmu. Ousmane Sembène na Senegal da gajeren fim ya fara jan hankalin duniya a 1963, labarin mai keken doki a Dakar. A Nijar, Moustapha Alassane ya yi gajeren fim ɗinsa Aouré a 1962, a kan aure, kuma daga wannan ƙasa Oumarou Ganda ya fito ya ɗauki babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a Burkina Faso, a 1972, karo na farko da aka bayar da ita. Waɗannan mutane ba su jira kuɗin dogon fim ba. Yau kuwa abin da ya fi kyamararsu kaifi yana aljihun kowane saurayi a Kano da Maraɗi da Kumasi, kuma gajeren barkwanci ya cika YouTube da TikTok. Ina kallonsu, kuma wasu suna da baiwa ta gaske. Abin da ke damuna shi ne kusan kowa yana ɗaukar gajeren abu a matsayin ƙugiyar jawo mabiya, ko matakalar hawa fim mai dogon zango mai kashi ɗari, ba aikin da za a zauna a gina shi don kansa ba. Faɗan 'yan'uwa yana nan birjik a cikinsu, amma da ihu ake farawa da ihu ake gamawa, sai dattijo ya shigo a minti na ƙarshe ya yi nasiha kowa ya sunkuyar da kai. Mu da muke da kalma ta musamman, 'yan ubanci, don wani nau'in wannan kishi kaɗai, mu da muka san shirun da ke sauka a tsakar gida ranar rabon gado, mun fi kowa kayan aikin wannan labari. Shirun Goggo a bakin ƙofa ya fi kowace nasiha faɗa mini gaskiya a kan gidanmu, kuma ban taɓa ganin an bar irin wannan shiru ya yi minti ɗaya a allo ba.

Ba ina cewa a kwaikwayi Campion ba ne. Fim ɗinta na mutanenta ne, yaron da ke mayar wa ubansa magana irin haka a gidajenmu da wuya ya kai ga jefa ɓawo na biyu. Abin ɗauka shi ne ƙarfin halin tsayawa a kan abu ƙarami har sai ya buɗe, da yardar cewa mai kallo ba yaro ba ne, zai iya tashi da tambaya a ransa. Ga masu riƙe da makarantu da bukukuwan fim da gidajen talabijin kuma, roƙona bai da tsada: a ware wurin nuna aikin farko na sababbin daraktoci, a ajiye kwafinsa da sunan mai shi da shekarar da aka yi shi. Je ka nemi kaset ɗin farko na daraktan Hausa da ka fi so daga shekarun 1990, ka ga wahalar da za ka sha kafin ka same shi, in ma ka same shi.

Kwanakin baya ɗan yayata ya nuna mini wani abu da ya ɗauka da wayarsa, minti shida, ƙannensa biyu suna rigima a kan cajar waya. Sauti yana rawa, haske ya yi yawa a rabin farko. Amma akwai wurin da ƙaramin ya ci nasara ya karɓe cajar, sai ya zauna da ita a hannu bai ma jona ba, yana satar kallon wansa da ya juya masa baya. Ɗan yayar tawa bai san ya kama wani abu ba. Ya ce mini zai goge, wai mutum arba'in kawai suka kalla. Na ce, "Ɗana, kada ka goge. Gyara sautin, ka yanke nasihar da ka sa babanku ya yi a ƙarshe, ka tsaya a kan wannan kallon." Na sa ya tura mini kwafi, na ajiye a kwamfutata, na rubuta sunansa da kwanan wata a kai.